Hakaru Hashimoto: lokotoron ƙauye da ya gano cewa maƙoƙo ba iri ɗaya ba ne

 A filinmu na tarihin mutanen da suka shuɗe, yau tafiyar mai nisa ce, har ƙasar Japan. Amma ciwon da ya kai mu can yana nan cikin garuruwanmu.

Babu wanda bai san maƙoƙo ba. Da wuya ka zaga ƙauye a Maraɗi, Damagaram ko Tawa ba ka gamu da wata baiwar Allah da ke jan mayafi tana rufe wuyanta ba. Ma'aikatan kiwon lafiya sun daɗe suna gaya mana cewa rashin sinadarin iyodi a abinci ne ke kawo shi, shi ya sa ake ta kiran mu ga gishiri mai iyodi. Gaskiya suka faɗa, kuma a ƙasashen da ke nesa da teku irin tamu wannan shi ne babban dalili. To amma akwai wani iri na daban, wanda ko buhun gishiri mutum ya cinye ba zai warke ba. Idan aka aiko mara lafiya babbar likita aka auna jininta, wani lokaci takardar sakamako takan dawo da wata kalma baƙuwa a kai: Hashimoto. Sunan mutum ne, kuma mutumin ya mutu shekaru 22 kafin a gane girman abin da ya gani.

An haifi Hakaru Hashimoto ranar 5 ga watan Mayu 1881 a wani ƙauye da ake kira Midai, cikin yankin Iga na jihar Mie, a tsakiyar Japan. Samarinmu masu kallon fim ɗin faɗa sun san ƴan ninja, to Iga ɗin nan tana cikin wuraren da aka fi danganta su da ita. Ƙasa ce ta tsaunuka da gonakin shinkafa. Gidan su Hakaru gidan magani ne tun kaka da kakanni. Mahaifinsa Kennosuke lokotoro ne, kuma Hakaru shi ne ɗansa namiji na uku. Kakansa Gen'i ya yi suna a yankin saboda ya koyi maganin Turawa irin na mutanen Holan.

Wannan zancen Holan yana da dalili. Japan ta yi sama da shekara 200 ƙofarta a rufe, ba ta barin Turawa su shigo, in ban da ƴan kasuwar Holan da aka ware ma wani ɗan tsibiri a bakin birnin Nagasaki. Ta wannan ƴar kafa ce littattafan fiɗa da na magani suka riƙa shiga. Bayan 1868, da sabuwar gwamnati ta buɗe ƙasar, sai ta zaɓi tsarin likitancin Jamus. Aka kawo malamai daga can, aka tura ɗalibai can, har ya zama duk lokotoron Japan da ke son duniya ta ji shi, da Jamusanci yake rubutu. Ku riƙe wannan, don shi ne ya sa aikin Hashimoto ya fita waje, kuma shi ne ya sa mutanen ƙasarsa suka jima ba su san da shi ba.

Ya yi babbar lakkol a Kyoto, sannan a 1903 ya shiga sabuwar makarantar likitanci da aka buɗe a birnin Fukuoka, wadda daga baya ta zama jami'ar Kyushu. Yana cikin rukunin farko da suka gama a 1907. Daga nan ya shiga sashen fiɗa ƙarƙashin Farfesa Hayari Miyake, wanda ya yi karatu a Turai kuma yana cikin waɗanda suka fara aikin fiɗar ƙwaƙwalwa a Japan. Shi ne ya ɗora matashin kan binciken naman wuyan da ake cirowa daga masu maƙoƙo.

Bari mu ɗan tsaya mu san wannan naman. A gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, akwai wani ɗan nama mai fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi, nauyinsa kusan giram 20. Lokotoro na kiransa tiroyid. Aikinsa shi ne ya ɗebi iyodin da ke cikin abinci ya haɗa wani sinadari da yake zubawa cikin jini. Wannan sinadarin shi ke saita saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, girman yaro da kaifin ƙwaƙwalwarsa. Iyodin da ake bukata kaɗan ne ƙwarai, cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ya ishi mutum tsawon rayuwarsa. Amma in aka rasa shi, sai naman ya yi ta kumbura don neman tarko ɗan abin da ke akwai, kamar mai shimfiɗa ƙwarya da tasa da tukunya a tsakar gida ranar da ruwan sama ya yi ƙaranci. Maƙoƙon da muka saba gani kenan.

Mutanen Japan kuwa ba su da wannan matsala sosai. Teku ta kewaye su, kifi da ciyawar teku abincinsu ne na kullum, kuma ciyawar teku cike take da iyodi. Saboda haka maƙoƙon da ke zuwa likitarsu yakan zama na wani dalili daban.

Cikin shekarun da ya yi a sashen Miyake, Hashimoto ya ci karo da mata huɗu, dukkansu sun haura shekara 40, waɗanda aka yi ma fiɗar wuya. Kumburinsu mai tauri ne, irin wanda ke sa lokotoro fargabar ciwon daji. Ya yanka naman siriri siriri, ya rina shi, ya sa ƙarƙashin madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa. Lafiyayyen tiroyid, in ka duba shi haka, za ka ga ƴan buhuna ne a jere, kowane cike da wani ruwa mai kauri inda ake ajiye sinadarin. A wuyan matan nan huɗu kuwa buhunan sun motse, wasu sun lalace, jijiyar tabo ta ratsa tsakaninsu. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake kira limfosit, sun cika wurin maƙil. Ba ma wucewa suke yi ba, sun kafa sansani, sun yi dunƙule dunƙule irin wanda ake gani cikin kaluluwa. Ga shi babu alamar tarin fuka, babu ta tunjere, babu wata ƙwayar cuta da za a ce ita suka zo yaƙa.

A 1912, yana da shekara 31 ko ƙasa da haka kaɗan, ya buga bayanin a wata mujallar masu fiɗa ta Jamus, shafi 30, da zanen abin da ya gani. Ya raɗa ma ciwon suna da Latinanci, struma lymphomatosa, ma'ana maƙoƙo mai cike da ƙwayoyin kaluluwa. Ya kuma nace cewa ciwo ne mai zaman kansa wanda ba a taɓa bayyanawa ba.

A nan ne ya ci karo da manya. Tun 1896 wani mashahurin mai fiɗa na Jamus, Bernhard Riedel, ya bayyana wani maƙoƙo mai taurin ƙarfe da ke manne wa naman da ke kewaye da shi har ya shaƙe mutum. Hashimoto ya san da wannan, kuma cikin rubutunsa ya zauna ya rarrabe su: nasa bai mannewa, nasa cike yake da limfosit. Amma lokotorin Jamus da dama suka ce ai abin da yaron nan ya gani somin-taɓin ciwon Riedel ne kawai. Mata huɗu ne, marubucin baƙo ne daga gabas, ba shi da kujerar farfesa. Sai aka ture takardar gefe. A ganinmu, ba wai sun auna hujjarsa suka same ta da rauni ba ne. Sunan da ke kan ɗaya takardar ne ya fi nauyi, kuma wannan hali ba a Jamus kaɗai yake ba.

Shi dai bai tsaya jayayya ba. Bayan fitowar rubutun ya tafi Jamus da kansa, jami'ar Gottingen, wurin Farfesa Eduard Kaufmann, masanin sauye-sauyen da cuta ke yi ma nama. A can ma ba tiroyid ya sa gaba ba, tarin fuka na hanyar fitsari ya yi ta bincike. Yana cikin haka yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, kuma cikin watan Agusta Japan ta shelanta yaƙi kan Jamus. Ɗalibin da jiya baƙo ne, yau ya zama ɗan ƙasar abokan gaba. Dole ya tattara ya fita, ya bi ta Ingila ya koma gida. Waɗanda rikicin Libiya ya koro a 2011 sun san yadda irin wannan fita take, mutum ya bar abin da ya fara ba don ya gama ba.

A 1916, yana da shekara 35, ya koma garinsu ya karɓi aikin gidansu. Jami'ar Kyushu ta ba shi babban digirin likitanci a shekarar da ta biyo, amma bai koma ɗakin bincike ba. Sauran rayuwarsa, shekara 18, lokotoron karkara ne.

Labarin waɗannan shekaru ba shi da ado. Mutum ne da ya koyi fiɗa a hannun gwani kuma ya zauna a Turai, ga shi a yankin da samun irinsa sai an yi tafiya, don haka marasa lafiya suka yi ta tururuwa. Wanda ba ya iya zuwa, shi yake bin sa gida. Abin hawansa wani keke ne mai ƙafa biyu da wurin zama, wanda mutum ke ja da gudu, irin da aka yi yayi a Japan a wancan zamani. Da shi yake ratsa hanyoyin tsaunuka, kusa ko nesa. Masu rubuta tarihinsa sun ce bai karɓar kuɗi daga talaka. Mabiyin addinin Buda ne mai riƙo da ibadarsa tun yana ɗalibi. Ya yi aure a makare, yana dab da shekara 40, ya samu ɗiya mace ɗaya da maza uku, kuma ɗaya daga cikin mazan ya zama farfesa a fannin kiwon lafiya.

A watan Disamba 1933 ya je duba wani mara lafiya a gida ya ɗauko zazzaɓin taifot, wanda a likita ake ce ma tifoyid. Ciwon nan da ke bin gurɓataccen ruwa da abinci, wanda har gobe yake huda hanjin yaranmu. A lokacin babu maganinsa, don ƙwayar farko da ta yi tasiri a kansa sai a ƙarshen shekarun 1940 ta fito. Ya mutu ranar 9 ga watan Janairu 1934, yana da shekara 52. Mutanen yankin sun yi rashin lokotoronsu, kuma iyakar abin da suka sani game da shi kenan.

A can wata nahiya kuwa takardar da aka ture ta fara motsi. A 1931 wasu lokotori biyu a birnin Cleveland na Amurka, Allen Graham da abokin aikinsa McCullagh, sun sake duba irin wannan nama suka ce ɗan Japan ɗin nan shi ke da gaskiya, ciwonsa daban, na Riedel daban. A 1939 wani babban mai fiɗar wuya na Ingila, Cecil Joll, ya yi dogon rubutu ya sa sunan Hashimoto a kansa. Daga nan sunan ya zauna. Abin mamaki, lokotorin Japan da yawa sai bayan yaƙin duniya na biyu suka san shi, daga littattafan Amurka da Ingila. Sunan ɗan ƙasarsu ya dawo musu ta hannun baƙi.

Amma har lokacin babbar tambayar tana nan. Me fararen ƙwayoyin jini ke yi a wuyan matan nan? Wa suke yaƙa?

Garkuwar jiki kamar dogaran gari take. Akwai masu sintiri cikin jini, akwai masu ƙera makamai da ake kira antikor, kowane makami an ƙera shi daidai da abokin gaba guda, ƙyanda daban, sanƙarau daban. Allurar rigakafi ma aikinta kenan, nuna ma dogaran fuskar ɓarawo tun kafin ya zo. A farkon ƙarni na 20 babban malamin wannan fanni shi ne Paul Ehrlich na Jamus, wanda ya samu kyautar Nobel a 1908. Ya yi gwaji da awaki, ya ga akuya takan ƙera makami kan jinin wata akuya amma ba ta ƙerawa kan nata. Ya yanke cewa jiki na da wata kariya da ke hana shi cutar da kansa. Almajiransa suka ɗauki maganar suka ƙara mata gishiri, har ta zama kamar doka: jiki ba zai taɓa yaƙar kansa ba. Shekara kusan 50 duk wanda ya ga alamar akasin haka sai ya zargi idonsa.

Wanda ya karya dokar, jikan Ehrlich ne a ilimi. Ernest Witebsky ya yi karatu wurin wani almajirin Ehrlich, ya gudu daga Jamus a zamanin Hitila saboda asalinsa Bayahude ne, ya zauna a birnin Buffalo na Amurka. Ya sa wani matashi a ɗakin bincikensa, Noel Rose, ya tace wani sinadarin tiroyid da ake kira tiroglobulin. Rose ya yi ma zomo allurar tiroglobulin na zomaye, sai ga antikor a jininsa. Witebsky bai yarda ba, ya ce akwai kuskure a wani wuri, a sake. Aka sake, aka sake. Daga ƙarshe suka yanko wani ɓangare na tiroyid ɗin zomo, suka sarrafa shi, suka mayar ma shi wannan zomon ta allura. Ba antikor kaɗai ya fito ba, ragowar tiroyid ɗin da ke wuyansa ya cika da limfosit ya fara lalacewa. Da aka sa shi ƙarƙashin madubi, sai ga kamannin abin da Hashimoto ya zana a 1912. Sun buga sakamakon a 1956. Ya kamata a yaba ma Witebsky, don ba kowane dattijo ke yarda ya sa hannu kan takardar da ta rushe abin da ya koya ya kuma koyar ba.

A wannan shekarar dai, a likitar Middlesex da ke Landan, wata lokotoro mai suna Deborah Doniach ta lura cewa jinin masu ciwon Hashimoto cike yake da irin furotin da ake ƙera antikor da shi. Ta haɗa kai da Ivan Roitt da Peter Campbell da mai fiɗa Vaughan Hudson. Suka zuba ruwan jinin marasa lafiyar kan ruwan tiroyid na mutum cikin ƴar kwalba, sai wani farin layi ya bayyana inda suka haɗu, alamar makami ya kama abin da aka ƙera shi dominsa. An samu shaida a jikin ɗan Adam kenan. Dogaran da Hashimoto ya gani sun kafa sansani a wuya, masu gidan suke yaƙa.

Har wa yau a 1956, a can Niyu Zilan, Duncan Adams da Herbert Purves sun gano wani abu a jinin masu ciwon Basedow, ciwon da ke sa tiroyid gudun wuce sa'a, mutum ya rame, zuciya ta yi ta bugawa, idanu su firfito. Daga baya aka tabbatar shi ma antikor ne, sai dai maimakon ya rushe naman, zuga shi yake yi.

Da ƙofar ta buɗe, sai cututtuka suka yi ta shigowa. Yau ana lissafa sama da 80 da ke cikin wannan dangi na garkuwar jiki mai juyowa kan mai ita. Akwai ciwon sugan da ke kama yara, inda garkuwa ke kashe ƙwayoyin da ke yin insulin. Akwai ciwon gaɓoɓi da ke kumbura yatsu ya karkace su, wanda mukan jefa cikin buhun ciwon sanyi. Akwai lupus da ke taɓa fata da ƙoda, da fararen tabon da ke fitowa a fata ana ƙyamar mai su alhali ba a ɗauka. Akwai kuma wanda ya fi damunmu a nan, ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙoshi da ba a yi ma yaro magani ba: makamin da jiki ya ƙera don ƙwayar cutar sai ya ruɗe ya sari ƙofofin zuciya, don sun yi kama.

Me ke sa dogari ya juya ma gida? Masana sun gano cewa ana horar da limfosit tun suna ƙanana a wani nama da ke bayan ƙashin ƙirji, ana kashe duk wanda ya nuna alamar zai taɓa na gida. Amma tankaɗen ba ya tsare kowa, wasu na kuɓucewa. Akwai kuma wani rukuni na limfosit da aikinsu shi ne tsawata ma ƴan uwansu, wanda wani ɗan Japan ɗin, Shimon Sakaguchi, ya bayyana a 1995. In aka samu rauni a ɗayan biyun nan, ciwo na iya tashi. Gado na da hannu, shi ya sa ake ganin ciwon Hashimoto ga uwa da ɗiya da inna. Mata sun fi maza kamuwa nesa ba kusa ba, musamman daga tsakiyar shekaru, kuma yakan motsa a watannin bayan haihuwa. Iyodin da ya wuce kima ma na iya tayar da shi ga mai ɗauke da gadon. Wannan ba dalilin gudun gishiri mai iyodi ba ne, don ɗan abin da ake sa masa daidai bukata ne, kuma rashinsa ga mai ciki na dakushe ƙwaƙwalwar jariri har abada. Dalili ne dai na kada a riƙa ɗura ma duk mai kumburin wuya ƙarin iyodi ba tare da awo ba.

Ciwon na tafiya a hankali, shekara da shekaru, shi ya sa yake da wuyar ganewa. Mace ta riƙa jin gajiya ko ba ta yi daka ba. Ana zafin Afrilu ita tana neman bargo. Jiki ya yi nauyi, fuska ta kumbura, fata ta bushe, gashi ya zube, ciki ya ɗaure, murya ta dushe, mantuwa ta yi yawa. Al'ada ta rikice, ciki ya ƙi shiga ko ya yi ta zubewa. Wani lokaci ma babu kumburin wuyan da za a gani. A gida sai a ce lalaci ne, ko kishi, ko an yi mata sammu, kuma aure nawa ya mutu a kan haka ba wanda ya ƙirga.

Alhali awon jini ɗaya ke tona asirin. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙulli da ke aika ma tiroyid umarni ta wani sinadari da ake kira TSH. In tiroyid ya gaza, sai mai umarnin ya yi ta ɗaga murya, kamar mai garmar shanu da sansa ya gaji. Don haka TSH mai yawa a jini alama ce ta tiroyid mai rauni. Awo na biyu, na antikor da ake rubutawa anti-TPO, shi ke nuna cewa garkuwar jiki ce ta yi ɓarnar. Ba a yin waɗannan a ƙaramar likitar ƙauye, sai a manyan likitoci da ɗakunan awo na birane, kuma da kuɗi. Ƴan uwa na waje da ke aiko da na magani, in an ce muku inna ko ƙanwa na fama da irin alamun nan, ku tambaya ko an auna TSH kafin a kashe kuɗin kan ƙarin ruwa da bitamin.

Maganin ma ya girmi sanin ciwon. Tun 1891 wani lokotoro a Ingila, George Murray, ya yi ma wata mata da tiroyid ɗinta ya mutu allurar ruwan tiroyid na tunkiya, ta farfaɗo ta ƙara shekara 28 a duniya tana kan maganin. A 1914 Edward Kendall na Amurka ya tace ainihin sinadarin, a 1927 kuma aka haɗa shi a ɗakin bincike a Ingila. Shi ne ƙwayar levotiroksin ta yau, wadda ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba ta kwantar da dogaran, tana dai maye gurbin abin da naman ya daina yi, don haka galibi shan ta na har ƙarshen rayuwa ne. Ƙwaya ɗaya da safe da ruwa, ciki babu komai, a dakata kamar rabin awa kafin koko ko fura. Mai shan ƙwayar ƙarin jini ta raba su da awa huɗu, don ƙarfen na hana ta shiga jiki. Mai ciki takan bukaci ƙari, ba ragi ba. Wanda ya ji sauƙi ya daina, cikin ƴan makonni gajiyar za ta dawo. Fiɗa kuwa, wadda aka yi ma matan nan huɗu na Fukuoka, yanzu ba a cika yin ta ba sai kumburin na danne hanyar numfashi ko ana zargin daji. Tsaga da ƙaho a wuya ba sa kaiwa inda ciwon yake, ga manyan jijiyoyin jini a wurin.

Kendall ɗin nan shi ne kuma ya tace kortizon, wanda Philip Hench ya fara gwadawa kan wata mai ciwon gaɓoɓi a 1948, ta tashi ta taka bayan ƴan kwanaki. Danginsa su ne ake danne garkuwa da su a lupus da makamantansa, da awo da sa idon lokotoro. Su ne kuma, abin takaici, ake tallarsu kan tire a kasuwanninmu ana sha don a yi ƙiba, ana sayen hawan jini da suga da ruɓewar ƙashi da kuɗin kai. Mai ciwon Hashimoto ba ta bukatarsu.

A Fukuoka, cikin harabar likitar jami'ar Kyushu, akwai titi da aka sa ma sunansa, ɗalibai na bi ta kai kullum zuwa aji. Ƙungiyar lokotorin tiroyid ta Japan ta sa hoton fuskarsa a tambarinta, a Iga kuma an kafa masa dutsen tunawa. A 2012 masana daga ƙasashe da dama sun taru a Fukuoka don cikar shekara 100 da fitowar shafukan nan 30, waɗanda su kaɗai ne ya taɓa bugawa a kan tiroyid.